Yadda Ake Gano Jigo da Alamomi a Littafin Fahrenheit 451

Ray Bradbury, marubuci ɗan Amurka, ya fitar da wannan littafi a 1953, shekara ashirin bayan 'yan Nazi sun cinna wa littattafai wuta a Berlin a watan Mayun 1933, kuma a daidai lokacin da Sanata McCarthy ke farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci a Amurka. Labarin Guy Montag ne, ɗan kwana-kwana a ƙasar da aikin 'yan kwana-kwana ya juye: maimakon kashe gobara, su ke fesa kananzir su ƙone duk gidan da aka samu littafi. Ga hanyar da za ka bi ka fito da abin da ke ƙarƙashin labarin.

Da farko, karanta shi kai tsaye ba tare da biro a hannu ba. Ba shi da tsawo, kashi uku ne kacal. Bari labarin ya ja ka tukuna.

A karatu na biyu, ɗauki takarda ka bi sawun wuta. Nan ne aikin yake, don haka kada ka yi gaggawa. Duk inda wuta ta fito, rubuta wanda ya kunna ta da abin da ta ci. A shafin farko Montag yana jin daɗin ƙona littattafai, fuskarsa ɗauke da murmushi. Can gaba wata tsohuwa ta ƙi fita daga gidanta, ta ƙyasta ashana da hannunta ta ƙone tare da littattafanta, kuma daga daren nan hankalinsa bai sake kwanciya ba. Sannan ya juya bakin wutar kan shugabansa, Kyaftin Beatty. Bayan ya tsere ta kogi sai ya tarar da wasu mutane a daji sun kewaye wuta suna jin ɗumi, abin da bai taɓa sanin wuta na yi ba. Jera waɗannan wurare huɗu, za ka ga canjin mutumin gaba ɗaya ba tare da marubucin ya faɗa maka ba.

Na uku, duba sunayen kashi-kashin. Na biyun sunansa Rariya da Yashi. Montag ya tuna yana yaro an yi masa alkawarin kuɗi in ya cika rariya da yashi, ya yi ta zubawa tana tsiyayewa har ya fashe da kuka. Tunanin ya zo masa ne a jirgin ƙasa, yana fama ya haddace ayoyin Baibul, tallar man goge baki na ta amsa-kuwwa a kunnensa. Haɗa hotunan biyu: ƙwaƙwalwar da hayaniya ta cika ba ta riƙe komai.

Na huɗu, ajiye Mildred, matar Montag, kusa da Clarisse, yarinyar maƙwabtansu. Mildred na da bango uku na talabijin a falo, tana matsa wa mijinta ya sayo na huɗu, kunnenta kullum toshe da 'yar rediyo. Clarisse kuwa tambaya ɗaya ta yi masa, ko yana cikin farin ciki, ta rushe masa komai.

Na biyar, saurari Beatty da kyau, domin a nan masu karatu da yawa ke kuskure su ce jigon kawai danniyar gwamnati ne. Beatty ya bayyana cewa mutane ne suka fara gajiya da karatu, suka nemi a taƙaita komai, kowane rukuni ya nemi a cire abin da ya sosa masa rai, sai daga baya hukuma ta zo da kananzir. A ganina wannan ne ya fi komai ɗaci a littafin, kuma duk sharhin da ya tsallake shi bai cika ba.

Sai ka rubuta jigon a jimla ɗaya, ka kafa shi da hujja biyu ko uku daga takardarka. Kada ka manta da Granger da mutanensa, wato mutanen nan da Montag ya tarar a daji, waɗanda kowannensu ya haddace littafi ya zama shi ne littafin. Wanda ya san darajar hadda a makarantar allo ba sai an yi masa dogon bayani a nan ba. Tambayi kanka me ya sa Bradbury bai bari su nufi birnin da Montag ya baro ba sai bayan bam ya rushe shi, ka sa amsarka a sakin layi na ƙarshe.