Yadda na gyara sunayen da ke yankewa a harafi na bakwai

Kwana biyu na yi ina fama da wata 'yar manhaja da na rubuta da yaren kwamfuta na C. Duk sunan da ya wuce haruffa 7 sai ya fito a gutsure: in shigar da "Abdurrahman", allo ya nuna min "Abdurra". Da farko na zargi fayil ɗin da nake karantowa, na duba shi layi-layi, lafiya lau.

Ashe matsalar tana cikin fankishin ɗin (wato ɓangaren manhajar) da ke kwafe sunan. Na rubuta shi haka: `void kwafa(char wuri[64], const char *suna)`, a ciki kuma na kira `snprintf(wuri, sizeof(wuri), "%s", suna)`. `snprintf` shi ke zuba sunan a wurin ba tare da ya wuce girman da aka ba shi ba, kuma a zatona `sizeof`, mai auna girma, zai ba ni 64. Ina! A C, jerin haruffa idan ya shiga fankishin ta ƙofar sigogi (abubuwan da ake miƙa masa), manuni kawai yake zama, wato adireshin harafin farko. Wannan 64 ɗin da na rubuta ado ne, ba a kula shi. A kwamfuta mai bit 64 kuwa girman manuni bayit 8 ne: shi ne `sizeof` ya ba `snprintf`, bakwai na haruffa, ɗaya na sifirin da ke rufe jerin haruffan.

Abin da ya fi damuna, GCC, mai fassara C zuwa yaren na'ura, ya yi ta gargaɗina a kan layin, ni ne ban tsaya na karanta ba.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Na ƙara siga ta uku, `size_t girma`, na sa mai kiran fankishin ya lissafo `sizeof` tun daga inda aka ware wurin, ya miƙo. Na kuma fara duba lambar da `snprintf` ke dawowa da ita: in ta kai girman wurin ko ta wuce, to an yanke sunan, sai manhajar ta sanar da ni nan take.