Yadda ake warware kalmar "chartaceous" har a kai ga asalinta

Ɗalibin ilimin tsirrai da ya ci karo da wannan kalma a littafin Turanci yana iya gano ma'anarta tun kafin ya buɗe ƙamus.

Da farko ka raba ta gida biyu, *chart-* da *-aceous*. Na ƙarshen daga Latin ya fito, ma'anarsa "mai kama da wani abu".

Mataki na biyu shi ne bin sawun *chart-*, kuma a nan ne aikin ya fi daɗi. Asalinsa *charta*, sunan da Romawa ke kiran fallen papirus da suke rubutu a kai, su ma aro suka yi daga *khartes* ta Girkawa. Papirus tsiro ne na bakin Kogin Nilu. Misirawan zamanin dā sukan yanka ɓargonsa sirara, su jera wasu a tsaye wasu a gicciye, su danne, su shanya. Daga wannan kalma ta *khartes* Larabci ya samu *ƙirɗas*, wadda ta zo a Suratul An'am, aya ta 7. Masana harshe ma suna ganin "takarda" tamu ta Hausa daga can ta taso, ta iso mana ta bakin Abzinawa.

Na uku, ka haɗa ɓangarorin biyu: abu mai kama da takarda, siriri, busasshe, mara tsoka.

Na huɗu, ka taɓa da hannunka, don ba a riƙe irin wannan kalma da hadda kawai. Ka samu busasshen ɓawon albasa, ko ɓawon ararraɓi da ke saɓulewa falle-falle daga jikin bishiyar, ka murza ka ji ƙarar.

Na biyar, ka raba ta da 'yan uwanta, don a nan ɗalibai suka fi ruɗewa. Ganye mai kauri da tauri kamar fata *coriaceous* ake ce masa, daga *corium*, wato fata. *Papyraceous* kuwa kusan ma'anarsu ɗaya da *chartaceous*, sai dai likitoci ma suna amfani da danginta: siririn ƙashin da ya raba kwarmin ido da kogunan hanci sunansa *lamina papyracea*.

Wajen furtawa, *ch* ɗin farko "k" ce, sai ka ce "kateshas".