Kurakuran sababbin 'yan wasa idan aka ba su fitowar likita

Duk yaron da aka ce wa gobe zai fito a likita a fim, abu biyu yake nema: farar riga da tabarau. Ya kwana yana haddar Turanci, da safe ya iso lokeshin yana taku ɗai-ɗai, amma da an ce a fara, bai san inda zai sa hannunsa ba. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane sabon zuwa, gara in rubuta.

Babban abin da ke ƙona mini rai shi ne danna ƙirji. An kawo mutum zuciyarsa ta tsaya, sai ka ga likitan namu ya lanƙwashe gwiwar hannu yana tattaɓa cikin mutum kamar mai gwada nunar kankana. Malam, ba ciki ake dannawa ba, tsakiyar ƙirji ne, kan ƙashi. Hannu ɗaya bisa ɗaya, gwiwar hannu a miƙe, kafaɗu daidai saman hannuwan, nauyin jikinka ne ke aikin. Sau 100 zuwa 120 a minti, ƙirjin ya lotsa kamar santimita 5. Masu yi da gaske ma duk minti biyu ake canjinsu saboda gajiya, kai kuwa ka gama ko zufa babu.

Wannan abin ya taɓa cin kuɗina. Mun kama ɗaki a wani asibitin kuɗi, muka ɗauki fitowar rasuwar mahaifin jaruma, yaron da ya fito a likita ya rantse mini ya iya, wai ya sha gani a fim. Muna wajen tacewa wata nas, 'yar'uwar editan, ta leƙo, ta kalli allon, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Fitowar mutuwa fa! Haka muka sake biyan ɗaki da kyamara da fitilu da abincin jama'a. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini ya iya sai ya gwada a gabana.

Ba a danna mai rai da gaske, haƙarƙari na karyewa. Ni ƙaramin buhun yashi nake ajiyewa a gefen wanda ke kwance, in sauke kyamara ƙasa yadda jikinsa zai kare buhun, likitan ya danna da ƙarfinsa. Wasu daraktocin sun fi son a tsaya kan fuska a huta. Ban bi su ba, domin mai kallo ɗauka yake. A 1996 mujallar likitoci ta New England ta bi wasu shirye-shiryen talabijin uku na Amurka, ta ga kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka danna wa ƙirji sun farfaɗo, abin da ya zarce na zahiri nesa ba kusa ba. Su sun yi wa mutane ƙarya a sakamako, mu har a yadda ake yi.

Na biyu, raina ƙaramar fitowa da son zama babban likita tun ranar farko. Ku dubi Noah Wyle, ɗan wasan Amurka. Yana da shekara 23 aka fara ER, wani shirin talabijin na asibiti, a 1994, kuma ɗalibin likita ya fito, John Carter, wanda ake aike ana yi wa tsawa, hannunsa na rawa in zai sa allura. Zango 11 ya yi a jere, masu kallo na ganin hannun nan yana nutsuwa a hankali. Mahaifiyarsa nas ce, kuma shi da bakinsa ya faɗa cewa da an gama shirin take buga masa waya ta yi masa gyara, har kan taɓa fuska da safar hannu mai jini. Bayan shekara 30 da fara ER ya dawo a wani shirin asibitin, The Pitt, a 2025, a matsayin babban likitan sashen gaggawa, ya ci Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka. Duk da haka sai da 'yan wasan suka yi mako biyu likitoci na koya musu aiki kafin a kunna kyamara. Kai kuma an ce ka zo da wuri nas ta nuna maka riƙon sirinji, ka ce kana da uzuri?

Kuma ku daina ihu. Dangi ne ke ruɗewa, likitan da ya kwana a aiki muryarsa ƙasa take, yana magana yana rubutu a kati. Turancin da ka haddace ba ka san ma'anarsa ba a fuskarka ake gani. Tambayi abin da kalmar ke nufi, in ta ƙi bakinka faɗe ta da Hausa, likitocinmu ma da Hausa suke yi wa marasa lafiya bayani.

Saura ƙanana. Abin sauraren ƙirji bakinsa gaba yake kallo idan za ka sa a kunne. Ba a jin bugun jini da babban yatsa, shi ma nasa bugun gare shi. Ledar ƙarin ruwa sama da hannu take, kuma a buɗe ta ta riƙa ɗiga. Hoton ƙashi a duba sama da ƙasansa kafin a ɗaga. Takunkumi ya rufe hanci. Wanda ya sa safar tiyata ba ya ɗaga waya, ba ya gyara hula. Zobe da agogo a cire. Idan layin na'urar da ke nuna bugun zuciya ya miƙe sumul ba a jona wa mutum lantarki, danna ƙirji ake ci gaba da yi.

Cire tabarau a girgiza kai kafin a ce "sai haƙuri" kuwa, na hana shi a aikina gaba ɗaya. Ka zaunar da dangin, kai ma ka zauna, sannan ka faɗa musu.