Darasi na 9: Gida Mai Araha a Gefen Kwatano

Da wuya ka shiga unguwa a Damagaram ka rasa gidan da ke da ɗa a kurmi. Birni, Zango, Garin Malam, duk haka. Wasu direbobin manyan motoci ne, wasu ƴan tireda, wasu masu albasa, wasu mahauta. Akwai wanda ya yi shekara 15 a Kwatano, ta ƙasar Benin, yana biyan haya. Wata rana sai ya zauna ya yi lissafi, ya ce: "Kuɗin nan da nake zuba wa mai gida, da tarawa na yi, ai da yanzu ina cikin nawa."

Tunanin ba laifi. Wannan darasi nasa ne, kuma na iyalinsa da ke nan gida, don sau da yawa da dukiyar gida ake cika kuɗin. A sayar da sa, a jinginar da gona, ko uwargida ta kawo kwasar adashinta. Wanda ya sa kuɗinsa kuwa yana da hakkin ya yi tambaya.

Inda ake samun araha

Kwatano birni ne a matse. Teku a kudu, tabkin Nokuwe a arewa, ba wajen buɗawa. Shi ya sa fili a cikinta ya fi ƙarfin talaka. Masu neman sauƙi sai su fita gefe: ko Abome-Kalabi ta yamma da arewa, inda babbar jami'ar ƙasar take, ko Seme ta gabas, kan hanyar Porto-Nobo da iyakar Najeriya, inda bututun man da ya taso daga Agadem ya ƙare. Jama'a sun yi ta kwarara can, har ƙidayar 2013 ta nuna Kalabi ta kusa kamo Kwatano a yawan mutane.

To a waɗannan wurare ne dillalai suke cewa akwai araha.

A karanta wannan hira, mutum biyu-biyu

Wa da ƙane ne a ƙofar gida bayan la'asar. Wan ya daɗe yana tuƙi tsakanin Gaya da Kwatano. Ƙanen shekararsa uku can, ya zo gida ganin tsohuwa.

"Yaya, dubi hoton nan. Fili ne dillali ya turo mini, miliyan biyu kacal. Ya ce in ban biya ba kafin Juma'a wani zai ɗauka."

"Mu gani. A wane wata aka ɗauki hoton?"

"Ya ce cikin Janairu."

"Janairu ai rani ne can ma. To ciyawar nan da ta yi kore shar, me take sha?"

Ƙanen ya yi shiru.

"Ka duba katangar maƙwabci. Ka ga layin nan baƙi da ya bi ta, daidai gwiwa?"

"Na gani, Yaya. Na ɗauka datti ne."

"Sa hannun ruwa ne. Nan ya tsaya bara. Kai dai ka ce masa ka gode, sai ka dawo cikin Yuni mu je tare. In filin na nan, mu gan shi. In wani ya ɗauka, Allah ya sa masa albarka."

Ruwa

Nan ne za mu daɗe, don nan ne Badamagare ya fi ruɗuwa. Mu mutanen tudu ne da duwatsu. Mun tashi muna layin famfo, muna jiran ɗan garuwa. In za mu sayi gida, tambayar farko ita ce: akwai ruwa? Sai mutum ya je kurmi, a nuna masa fili, a ce haƙa kaɗan za ka yi rijiya ta kawo. Ransa ya yi fari, ya ga kamar ya tsinci dami a kala.

Can tambayar daban ce. Sai ka ce: in an yi ruwa, ina yake bi ya tafi?

Ruwan da ke sauka a Kwatano cikin shekara ya kai kusan ninki uku na wanda muke samu a Damagaram. Damina biyu gare su: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi, ruwa kuma yana kusa da sama. In ta ƙoshi, wanda ya sauka sai ya kwanta. Ban da na sama, akwai wanda kogin Weme yake kawowa daga arewa ya cika tabki, tabki ya tumbatsa cikin unguwanni ko da ranar ba a yi ɗigo ba. A 2010 ambaliya ta shafi mutane fiye da rabin miliyan a Benin. Unguwanni irin su Bosa da Fifaji da Agla an san su da kwanciyar ruwa.

Gida a kwari wahalarsa ba ta tsaya ga jiƙewar tabarma ba. Masai yana cika ya haɗu da rijiyar da aka yi murnarta. Sauro ya yi gida. Bango ya dinga gumi, fenti na ɓarewa. Ɗan kabu-kabu ya ƙi shiga layinku, ko ya ninka kuɗi.

Saboda haka fili a kurmi cikin damina ake ganinsa, da ƙafa, washegarin ruwa mai ƙarfi. Kada ka tambayi dillali, la'adarsa yake nema. Tambayi matar da ke soya ƙosai a bakin layi, ko tsohon da ya fi kowa daɗewa a unguwar. Dubi gidajen maƙwabta: in kowa ya ɗaga dakalinsa har sai an hau matakala uku kafin a shiga ɗaki, ba don ado suka yi ba. Jar ƙasa ta tudun Kalabi ta fi rairayin kwari kwanciyar hankali, kuma farashinta yana nuna haka.

Sai tekun kansa. Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana kwasar rairayi daga yamma ta kai gabas. Da aka gina tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wadda aka buɗe a 1965, sai ta tare rairayin. Yamma da tashar ƙasa ta ƙaru, gabas da ita kuwa, wajen Akpakpa, teku ya yi ta cin gaɓa har ya haɗiye gidaje na siminti. Gwamnati ta jera manyan duwatsu cikin ruwa don ta rage ɓarnar. Duk da haka, ni dai ban ba ɗan'uwana shawarar sayen gidan da ake jin rurin teku daga ɗakin kwana. Ga iskar gishiri kuma, mai cin kwano da ƙofar ƙarfe da rodin cikin bango. Bugu da ƙari, bakin teku da bakin tabki a doka na gwamnati ne. Duk wanda ya ce zai sayar maka da shi, abin da ba nasa ba yake sayarwa.

Takarda

A nan gida, in an yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu, aka shafa fatiha, yawanci magana ta zauna, don kowa ya san kowa. Can kai baƙo ne. Ba wanda ya san kakanka. Takarda ce kaɗai danginka.

Benin ta yi dokar ƙasa a 2013, ta gyara ta a 2017, ta kuma kafa hukumar da ke riƙe da rajistar filaye, ana ce mata ANDF. Dokar ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo. Ƙasar noma ta karkara, ɗan Benin ne kaɗai zai mallaka. A cikin gari baƙo yana iya saye, amma bisa sharaɗin yarjejeniya tsakanin ƙasarsa da Benin. Wannan ita ce tambayar farko da za ka kai wa noter, wato ma'aikacin doka mai hatimi da ke rubuta cinikin gidaje: "Ni ɗan Nijar ne, wannan wuri doka ta yarda in mallake shi?" Ka yi ta kafin dala ɗaya ta fita daga aljihunka. Sauran ƙasashen gaɓa ma kowace da nata tsarin. A Gana, misali, baƙo haya kawai yake samu, ba ta wuce shekara 50.

Takardun ba daraja ɗaya gare su ba. Takardar ciniki da mai sayarwa ya sa wa hannu shaida ce cewa ka biya, iyakarta ke nan. Mai ƙarfi ita ce takardar mallaka ta gwamnati, wadda da Faransanci ake rubuta ta haka: titre foncier. A kwafi waɗannan kalmomi biyu a allo har ido ya saba da su. Tana da lamba. Ka ɗauki lambar ka sa a duba a hukuma, a ga ko sunan da ke rajista shi ne na mutumin da ke gabanka.

Rigimar da ta fi yawa ta filin gado ce. Tsoho ya rasu ya bar ƴaƴa da yawa. Ɗaya ya sayar maka, wani ya sayar wa wani, na uku ya kai ƙara kotu. Shi ya sa in kana yawo a gefen Kwatano za ka riƙa ganin rubutu da fenti a jikin katanga: n'est pas à vendre. Ma'anarsa, ba na sayarwa ba ne. Wanda bai iya karatu ba zai wuce ta gabansa da dillali, yana yaba katangar.

Ka kira mai awon ƙasa na kanka, ya gwada filin, ya nuna maka turakun siminti na kusurwa huɗu. A wuraren da ba a riga an yanka unguwa an fitar da hanyoyi ba, ranar da aka zo yankawa ana rage wa kowa wani abu, wani ma a matsar da shi gaba ɗaya. Ka san wannan tun kafin ka kafa tubali.

Abu ƙarami da ke jawo babbar wahala: suna. A katinka an rubuta shi da wasu baƙaƙe, a takardar gida magatakarda ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Harafi ɗaya ya bambanta, ranar rabon gado a ce ba kai ba ne. Ka ɗora katin kusa da takardar, ka bi harafi-harafi da yatsa. Kada ka bari a rubuta gidan da sunan aboki ɗan ƙasa don a sami sauƙi. Ko shi mai amana ne, ƴaƴansa ba su san alkawarinku ba. In an gama, a yi hoton takardun a aiko Damagaram, a ajiye wajen wanda ya iya karatu, matarka kuma ta san inda suke.

A tuna kuma, a 2023 an rufe iyakar Gaya da Malanbil, motoci suka yi dogon layi, masu abin hannu can suka rasa hanyar da suka saba. Gida a ƙasar wani ba a ɗaukarsa a ka a dawo da shi.

Lissafi

Kuɗinmu ɗaya da na Benin, sefa. Amma mu da dala da jika muke ƙirga, takarda kuwa da faran take magana. Dala ɗaya 5 F ce. Jika ɗaya 1.000 F. Miliyan ɗaya jika 1.000 ne, ana rubuta shi 1.000.000 F, sifili shida. Kullum ka ƙirga sifili kafin ka dangwala yatsa. Tsakanin 300.000 da 3.000.000 sifili ɗaya ne tak.

Kuɗaɗen da ke ƙasa misali ne don koyon lissafi, ba farashin kasuwa ba.

Filin kwari, kusa da gari: 2.000.000 F. Sai an cika shi da jar ƙasa, tifa 30, kowace 40.000 F. Sai an ɗaga harsashi, ƙarin 800.000 F.

30 × 40.000 = 1.200.000

2.000.000 + 1.200.000 + 800.000 = 4.000.000 F

Filin tudu, nesa da gari: 3.000.000 F. Ba ciko. Amma kuɗin mota zuwa kasuwar Dantokpa da dawowa ya ƙaru da 1.000 F kullum. In ana fita kwana 26 a wata:

26 × 1.000 × 12 = 312.000 F a shekara

Na miliyan biyu ya koma huɗu tun ba a sa ƙofa ba, kuma cikon filinka bai hana layinku cika. Na tudun ma yana da nasa cizon, a hankali yake yi. Dukansu biyu ba a sa la'adar dillali da kuɗin noter da na mai awo da harajin rajista ba. Ka tambayi kowanne nawa ne, a rubuta maka, ka haɗa. Biya kuwa ta banki ko gaban noter, da rasit. Ba a miƙa miliyan cikin leda a bakin titi.

Aikin aji

A rubuta waɗannan da lamba: jika 250; miliyan ɗaya da rabi; miliyan uku da jika 75.

A misalin da ke sama, bayan shekara nawa kuɗin motar mai filin tudu zai wuce miliyan ɗayan da ya sami sauƙi a kan mai filin kwari? A yi a allo, kowa ya nuna hanyar da ya bi.

A hirar wa da ƙane, abu biyu wan ya gani cikin hoto. Mene ne su? Da a nan Damagaram filin yake, kusa da tabkin unguwa, me za ku duba?

Mako mai zuwa kowa ya zo da katinsa na ɗan ƙasa. Za mu kwafi sunayenmu yadda aka rubuta su a jiki, harafi-harafi, sau biyar.