Kafin ka shiga shagon bindiga a Amurka

Kusan duk wanda ya iso Hustan ta jihar Teksas daga gida, kafin ya cika wata uku sai ya kawo mini maganar nan. Ya shiga kanti sayen takalmi, sai ya ga ƙananan bindigogi jere a cikin gilashi kamar wayoyi a kasuwar Farm Centre. Ko kuma an fasa motar maƙwabcinsa da dare, barci ya gagare shi. Sai ya kira: "Yaya, wace iri zan saya? Ina son wadda zan riƙa zuwa filin harbi da ita, kuma ta tsare mini gida."

Ba na fara amsawa da sunan bindiga. Tambayarsa nake yi: da wace takarda kake zaune a ƙasar nan?

Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar zama na ɗan lokaci ya riƙe bindiga ko harsashi. Ɗalibi, mai ziyara, wanda kamfani ya kawo aiki, duk suna ciki. Akwai 'yan ƙofofi da aka bari, wadda aka fi sani ita ce lasisin farauta na wata jiha, amma kada ka bi ta nan da jin ta bakin abokai. Lauyan shige da fice za ka tambaya. Wanda takardarsa ta ƙare kuwa, babu ƙofa ko ɗaya. Kuma "riƙe" da doka ta ce ba sai ka saya ba. Wani ɗalibi daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Hamid Rehaif, jami'arsa a Fulorida ta sallame shi saboda faɗuwa jarrabawa, bizarsa ta mutu, ya je filin harbi ya yi harbi. Aka gurfanar da shi, aka ɗaure shi. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli a 2019, inda aka ce sai gwamnati ta tabbatar ya san zamansa a ƙasar ya saɓa wa doka. Ko da hakan ta yi masa daɗi, ka duba shekarun da ya kwashe yana hawa da sauka a kotu a kan nishaɗin yini ɗaya. Idan abokan aiki suka ce ku je harbi ranar Asabar alhali da bizar karatu kake, ka ce kana da uzuri.

Mai katin zama na dindindin, wanda kowa ke kira girin kad, yana da damar saye. Zai cika fom mai lamba 4473, mai shago ya tura sunansa hukumar bincike ta tarayya, wato FBI, su bincika, kuma sai ya kai shekara 21 kafin shago ya sayar masa da ƙaramar bindiga. Fom ɗin na tambayar ko kai ɗan wace ƙasa ne, da ko don kanka kake sayen. Ƙarya a ciki babban laifi ne, kuma laifin bindiga yana cikin abubuwan da ake korar mai girin kad a kansu. Wannan kara tamu ta "saya mini da sunanka, ni takardata ba ta fito ba" ita ce ainihin abin da suke ɗaure mutane a kai. Haka ma cusa ta a cikin motar da za a tura Legas ko Kwatano. Ko wanka ne uwa ɗaya uba ɗaya ya roƙa, ka ba shi haƙuri.

Jiha ma da tata. A Teksas tun 1 ga Satumba 2021 wanda doka ba ta hana ba yana iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. A Niyok kuwa ko a cikin ɗakinka za ka ajiye ta sai da lasisi, na birnin ma daban yake, kuma gidan harsashin da ya wuce cin 10 haramun ne. Ilinoi sai ka yi katin mallakar makami, Kalifoniya sai ka jira kwana 10. Abin da yake halal a Hustan zai kwanar da kai a caji ofis a unguwar Buronks ta birnin Niyok.

To, a ce takarda ta yarda. Bari in ba ka labarin wautata, don kada ka maimaita.

Bindigata ta farko 'yar mitsitsiya ce, tafin hannu ya rufe ta. Mai shagon ya ce ita ake yayi, ni ma na ga ba nauyi, na ce ai ƙarami ya fi sauƙin sarrafawa, kamar yadda ake fara koyon tuƙi da ƙaramar mota. Na je fili, aka rataya mini takarda a nisan yadi 7. Harbin farko ta yi tsalle kamar an taka wutsiyar kyanwa, ɗan yatsana na ƙarshe yana lilo a iska don babu inda zai kama. Na gama kwali guda na harsashi 50, tsakanin babban yatsa da manuni ya yi ja wur, ramukan kuwa sun watse a ƙasa ta hagu, wasu ma ba su taɓa takardar ba. Wani dattijo da ke layin kusa da ni ya miƙo mini tasa, babba, mai nauyi. Harsashi iri ɗaya ne, amma sai na ji kamar an canza mini hannu: harbi biyar da na yi duk suka taru wuri guda.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne ke dukan hannunka baya, nauyin bindiga ne ke shanye wani kaso. Mai nauyi ba ta shuri sosai, mariƙinta ya ishi yatsu duka, kuma tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ta fi tsawo, don haka ɗan karkacewa ba ya zama babban kuskure. Ƙananan irin SIG P365 an ƙera su ne don a ɓoye a jiki. Bindigar da za ta kwana a akwati a gida ba ta bukatar ɓuya, to me zai sa ka sayi wahala?

Shi ya sa ra'ayina ga sabon shiga: kada ka raba, ta fili daban, ta gida daban. Ka sayi guda ɗaya matsakaiciya ko babba mai cin harsashin milimita 9, ka yi ta harbi da ita har hannunka ya san ta a cikin duhu. Glock 19 mai cin 15, ko yayarta Glock 17 mai cin 17, ko Smith & Wesson M&P, duk ajinsu ɗaya, kuɗinsu ya kan kama dala 500 zuwa 600. Milimita 9 ya fi sauran manyan harsasai araha, ko'ina ana samunsa, ita kanta FBI da ta bar shi shekaru ta dawo gare shi. Musun wane kamfani ya fi wane, ka bar wa masu lokaci. Kamar musun Toyota da Honda ne a majalisa, ba ya ƙarewa. Filayen harbi da yawa suna ba da haya. Ka gwada uku ko huɗu, wadda ta zauna a hannunka, yatsanka ya kai kunama ba tare da ka murɗa wuyan hannu ba, ita ce taka. Ka tafi da aboki, don wasu filayen ba sa ba mutum haya idan shi kaɗai ya zo.

Libarba, mai gidan harsashi da ke juyawa, tana da masoya a cikinmu saboda ba ta da rikici: ka cika, ka ja. Irin Smith & Wesson 686 tana cin .357 Magnum, tana kuma cin .38 Special mai sauƙin shuri. Sai dai cinta 6 ne ko 7, kuma kunamarta na da tauri, mai raunin yatsa zai ja ta saiti ya kauce. Idan uwargida ma za ta iya bukatar ta, kada ka zaɓa mata. Ta je da kanta ta gwada ɗanawa. Wasu bindigogin jan bayansu sai da ƙarfi, akwai kuma irin Shield EZ da aka sassauta don haka.

In kuɗi ya samu daga baya, ta biyu ta zama mai cin .22. Harsashinta araha, ba ƙara sosai, ba shuri, ita ce allon koyo. Glock 44 girmanta ɗaya da Glock 19, hannu ba zai ga baƙo ba. Amma ba ita zan dogara da ita a gida ba, don irin wannan harsashin ya fi yawan ƙin tashi.

Harsashin ma iri biyu za ka gani. Mai dunƙulallen kai na atisaye ne. Mai rami a baki shi ake ajiyewa don gida, saboda yana buɗewa ya rage gudu. Kada wannan ya ruɗe ka. Bangon gidajen nan ba bulo ba ne, ba kuma jar ƙasa irin ta Kano ba. Allo ne da za ka iya hudawa da gwiwar hannu. Harbin da ya kauce zai ratsa ɗakin yaranka ya shiga na maƙwabci. Ka zagaya gidanka da rana ka duba wa ke kwana a bayan kowane bango.

A fili ka toshe kunne biyu, na cusawa da na rufewa, don ƙarar na kashe ji a hankali ba ka sani ba. In ka fito ka wanke hannu da sabulu sosai kafin ka sa shi a tuwo, akwai ƙurar dalma a jiki. Mai juna biyu ta haƙura da zuwa. Kuma kafin komai ka biya kuɗin aji, malami ya tsaya a kanka: kowace bindiga a ɗauke ta a cike take, ba a nuna bakinta ga abin da ba a son lalatawa, yatsa ba ya shiga kunama sai an yi niyya, sannan ka san abin da kake nufa da abin da ke bayansa.

Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna da mu. Gidan Bahaushe ko a Amurka zaure ne. Baƙo daga filin jirgi, ƙanin mata da ke da makulli, ɗan makaranta da ya zo hutu. Wani dare wajen ƙarfe 2 na ji ana taɓa ƙofar baya, ana murɗa mariƙi a hankali. Zuciyata ta hau dukan uku-uku. Na buɗe akwati, na tsaya a bakin ɗaki, na haska tocila na ce, "Waye?" Sai na ji, "Kawu, ni ne, kada in tashe ku ne na biyo ta baya." Ɗan yayata ne, ya taso daga aikin dare, wayarsa ta mutu. Na koma na zauna a bakin gado, ƙafafuna suna rawa har aka kira asuba a waya. Tun ranar doka ce a gidana: duk mai shigowa bayan isha ya yi sallama da ƙarfi. Ka sayi tocila mai kyau tun kafin bindigar. Teksas ta ba mutum damar kare kansa a cikin gidansa, amma ba ta dawo da wanda aka harba bisa kuskure.

Akwatin ƙarfe mai buɗewa da lamba ko yatsa, ka saye shi rana ɗaya da bindigar, ka ɗaure shi da ƙusa. Saman kwaba da ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ne, yaranmu da na baƙi ranar suna babu inda ba sa shiga. A Teksas laifi ne ka bar bindiga a cike inda ɗan ƙasa da 17 zai kai gare ta. Sannan akwai abin da ba ma son faɗa: a 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Shekarun farko a ƙasar nan suna da nauyi, kaɗaici, bashi, aikin dare, rigimar aure. Idan kai ko wani a gidan yana cikin irin wannan hali, ko kun saba faɗa yana zafi, ka ɗaga sayen. Lambar 988, wadda ake kira don neman taimako in damuwa ta yi yawa, kyauta ce, dare da rana. Hukuncin kotu ɗaya a kan bugun iyali, ko ƙarami ne, ya haramta maka bindiga a dokar tarayya.

In ta kai ga kiran 911, lambar neman agajin gaggawa, ka faɗa musu kamanninka da kayan da ke jikinka, ka ajiye bindigar kafin su iso, su tarar da hannuwanka a buɗe. A 2016 a Minesota ɗan sanda ya harbe Philando Castile a cikin motarsa bayan ya faɗa da bakinsa cewa yana da bindiga, alhali kuwa yana da lasisi. Mu baƙaƙe ne, ga harshe na baƙi, a duhu ba wanda zai tsaya tantance waye mai gida.

Ɗan yayan nan nawa bara ya samu girin kad, ya zo da tasa tambayar. Na kai shi fili Asabar uku a jere kafin ya zaɓa. Ya ɗauki M&P, ya ce Glock ɗina kamar bulo take a hannunsa.