Yadda ake ɗora sabon kiɗa a kan tsohuwar waƙa ba tare da an ci haƙƙin mai ita ba

Aron waƙa ba yau aka fara shi ba a ƙasar Hausa. Malaman ƙarni na 19 suna yin tahamisi: su ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, su ƙara uku a samansa ya zama ƙwar biyar, kuma kowa ya san mai asali, ya san mai ƙari. 'Yan bandiri a Kano sun ari karin waƙoƙin fina-finan Indiya suka zuba masa begen Annabi (SAW). Abin da samari ke kira rimiks a situdiyo yau, daga wannan tsatson ya fito. Sai dai yanzu kuɗi da doka sun shigo ciki.

1. Tantance abin da za ka ara

Ko dai ka sake rera waƙar da muryarka, ko ka ari karin kawai ka yi naka baitukan, ko ka yanko ainihin murya ko kiɗa daga faifan. Na ukun ya fi nauyi, domin haƙƙi biyu ka taɓa: na mawaƙin da ya tsara waƙar, da na wanda ya ɗauki nauyin naɗar faifan, kamfani ne ko gidan rediyo.

2. Nemi izini tun kafin ka kunna kwamfuta

"Ai ya rasu" ba hujja ba ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, faifan da aka naɗa kuma shekara 50. Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa na hannun magada har ƙarshen 2069. Ɗanmaraya Jos kuwa a 2015 ya rasu. Hatta waƙoƙin gaɗa da na daka, da ake cewa ba su da mai su, in kasuwa za ka kai su sai da yardar NCC, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Najeriya. A Nijar, BNDA ce ke kula da haƙƙin mawaƙa.

Je wurin magada da kanka, ka tafi da dattijon da suka sani. A rubuta komai: wace waƙa, kashi nawa ne nasu, ina da ina za a sake ta. Kada ka saurari masu cewa daƙiƙa biyar ba komai ba ce. Wani bugun ganga na ƙungiyar The Winstons ta Amurka, na 1969, bai wuce daƙiƙa bakwai ba, amma dubban waƙoƙi sun ci abinci da shi, makaɗin ya rasu a 2006 bai ga ko sisi daga ciki ba.

3. Samo kwafi mai tsabta

Kaset ko faifan asali ya fi wanda ya sha yawo a WhatsApp. Juye shi cikin Audacity, manhajar gyaran sauti, ka ajiye a WAV, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti. Rage shuuu ɗin kaset kaɗan kawai. In ka matsa, muryar za ta koma kamar daga cikin rijiya.

4. Bi makaɗi, kada ka sa shi ya bi ka

Nan ne yawancin rimiks ke mutuwa. Makaɗan kalangu ba da agogon kwamfuta suke tafiya ba. Sukan fara a natse, in 'yan amshi suka ɗau zafi sai kiɗa ya ƙara gudu, in mawaƙi ya tsaya kirari su ɗan ja baya. Furodusa mai gaggawa sai ya kama wannan duka ya daddanna shi cikin layukan manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio har kowane bugu ya faɗa daidai kan ƙa'ida. Lissafi ya fita, amma armashi ya tafi.

Saurari waƙar har ka iya tafa mata ba kuskure. Yanka daga farkon amshi zuwa farkon amshi na gaba, ka auna gudun wannan yankin shi kaɗai, sannan ka gina naka bugun a kansa. In dole sai ka ja sautin, ja shi kaɗan.

Sai maganar fiyano. Muryar kalangu hawa da sauka take yi gwargwadon yadda makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, tana kwaikwayon magana, don haka ba ta zama a kan maɓalli ɗaya. Kada ka kusance ta da otocun, wato manhajar da ke daidaita murya a kan maɓalli. Nemo sautin da amshi ke sauka a kai, ka kafa bes ɗinka, wato sautin ƙasa mai kauri, a nan, ka taƙaita sauran ado. A ganina, bes da tafi sun ishi yawancin tsofaffin waƙoƙinmu.

5. Zuba naka

In ganga kawai ka ƙara, ba ka yi komai ba tukuna. Kawo baiti, ko amsa ga abin da tsohon ya faɗa, ko labarin zamaninka. Ka kula da tsawon gaɓa da karin sauti, don kada kari ya tilasta maka karya kalma.

Ka kuma san abin da kake yankowa. Waƙar fada tana da sarkin da aka yi wa ita, zambo yana da wanda aka yi wa, kuma jikokinsa na nan da ransu. Almakashi na iya mayar da yabo zagi. Bege kuwa ba a kai shi filin rawa.

6. Sake ta

Kunna wa magadan kafin kowa ya ji. Rubuta sunan mai asali a jikin take, ba can ƙasan bayani ba. YouTube na da manhajar Content ID mai gano sautin da wani ya yi wa rajista, tana iya toshe waƙar ko ta karkatar da kuɗin talla ga mai haƙƙi. Ɗauki hoton takardar yarjejeniyarku ka ajiye a waya da imel, domin ita za ka tura in aka yi maka ƙorafi.