Babi na 6: In Murhun Baƙin Mai Ya Mutu Ya Ƙi Tashi

Darasi na 1: Hannu ya fara zuwa famfo

Iyaye da 'yan'uwa, sannunku da ƙoƙari. Wannan babi na masu murhun baƙin mai ne (wato tsohon man inji da ake juyewa a gareji), irin wanda masu walda suke haɗawa, mai tanki a sama da fanka a gefe. Tun da aka cire tallafin mai a shekarar 2023, makamashi ya yi tsada, mun ga masu tuyar ƙosai da awara da masu shayi a nan Daura sun fara komawa gare shi. Wasu kuma suna dafa ruwan wanka da shi, su ji ɗumi a tsakar gida in jaura ta taso. A babin baya mun koyi kunna shi. Yau za mu ga abin da ake yi in yana cikin ci ya mutu, aka ƙyasta ashana ya ƙi kamawa.

Mu fara da sunayen sassansa. A karanta da ƙarfi, kowa ya ɗora yatsa a kan kalmar.

Tan-ki. Nan ake zuba baƙin mai. Fam-fo. Shi ne abin da ake murɗawa mai ya sauko ko ya tsaya. Bu-tu-tu. Hanyar da mai ke bi. Kas-ko. Nan mai ke ɗiga, nan wuta ke ci. Fan-ka. Ita ke hura iska.

Wanda bai iya karanta su duka yau ba, kada ya damu. Ya riƙe biyu: famfo da kasko.

To, wuta ta mutu. Me ake fara yi? A rufe famfo.

Ran nan a aji na cire wayar fanka da gangan, wuta ta mutu, na koma gefe ina kallo. Kusan kowa aljihu ya laluba yana neman ashana. Wani ya sunkuya yana hura kasko da baki. Ba wanda ya dubi famfo, alhali mai yana ta ɗiga, ɗis, ɗis, ɗis. Wuta ce ta mutu, mai bai san ta mutu ba. Zai yi ta sauka har kasko ya cika ya malalo ƙasa.

Yaya ake gane famfo a rufe yake? Iri biyu ne a hannunku. Mai kai zagayayye, ana murɗa shi ta dama, yadda hannun agogo ke tafiya, har ya tsaya. Mai dogon mariƙi kuwa, in mariƙin ya miƙe yana bin bututu, a buɗe yake. In ya gitta bututu, a rufe yake. A sake karantawa: ya bi bututu, buɗe. Ya gitta, rufe. Bayan an rufe a leƙa bakin bututu daga nesa, a tabbata ɗigon ya tsaya.

Aiki: kowa ya rubuta a littafinsa sau 5, "Na rufe famfo."

Darasi na 2: Kasko ya huce, a kwashe, a zafafa

Wannan darasi ya fi sauran tsawo, don a nan ne kowa yake tuntuɓe. Ku yi haƙuri da ni, zan maimaita.

Da farko a sauke tukunya ko kaskon tuya daga kan murhu, a ajiye nesa. Sannan a jira. Kun ga farin hayaƙin nan da ke tashi daga kasko bayan wuta ta mutu? Tururin mai ne, kuma shi ne yake kamawa. Wanda ya kai ashana a lokacin, wuta na iya tashi bup ta lashe masa gira da gemu. A matsa baya, a kori yara, a ba shi kamar minti 30. In ka kai bayan hannu kusa da ƙarfen ba ka ji zafi ba, ya huce.

Na san abin da za ku ce. Wata baiwar Allah mai ƙosai ta ce mini, "Malam, ga masu saye a tsaye, ga ƙullu yana jira, ka ce in zauna rabin awa?" Inna, gaskiyarki, kuma ban raina uzurinki ba. Shi ya sa nake cewa kada a jefar da tsohon murhun gawayi. A ajiye shi kusa, ya riƙe ciniki kafin wannan ya huce.

Da ya huce, a leƙa cikin kasko. In mai ya kwanta a ciki kamar miya, a kwashe shi. A sa tsohon ludayi ko gwangwani a ɗebe, a tace a mayar jarka, a goge saura da tsumma. Kaskon da ya cika da mai ba ya kamawa. Ko ya kama, baƙin hayaƙi zai turnuƙe unguwa, maƙwabta su fito suna tambayar wa ke ƙona taya.

Yanzu ga wurin da nake so ku buɗe kunne.

Baƙin mai ba kananzir ba ne. Mai sanyi ba ya kama wuta. Ka jefa masa ashana, ashanar ce za ta mutu a cikinsa. Sai zafinsa ya kai wajen digiri 200 yake fara tururin da ke ci, ninki biyu ke nan na zafin tafasasshen ruwa. Don haka kasko ne ake fara zafafawa, famfo yana rufe.

Ga yadda ake yi. A samu ɗan tsumma ko guntun kwali. A jiƙa shi da kananzir kaɗan, kamar cokali 2. A mayar da kwalbar kananzir nesa, a rufe ta. A sa tsumman a tsakiyar kasko, a kunna. A bar shi ya kama sosai. Sannan a kunna fanka a hankali, in taku mai ragewa da ƙarawa ce a sa ta a ƙasa, don iska mai ƙarfi tana kashe ƙaramar wuta. Famfo fa? A rufe yake. Hannu ya bar shi.

A jira kamar minti 5. Mai waya ya duba agogon wayarsa: in ta nuna 6:10, sai ta nuna 6:15. Wanda bai iya karanta agogo ba tukuna, ya kwatanta da lokacin da yake ɗauka ya yi alwala a natse. Kwatance na ce, ban ce a bar wuta a tafi alwala ba.

A cikin minti 5 ɗin nan ne ake faɗuwa. Mutum ya ga wuta ta yi kyau a minti na farko, ransa ya yi daɗi, hannu ya zarce famfo. Mai mai sanyi ya zubo a kan wutar da ba ta yi ƙarfi ba, ya danne ta, ta mutu. Ya ce murhu ya lalace. Murhu lafiyarsa lau. Kasko ne bai yi zafi ba. Kuma yanzu an koma farko: a rufe famfo, a jira, a kwashe.

Mu faɗa tare. Kasko ya yi zafi, sannan famfo.

A sake. Kasko ya yi zafi, sannan famfo.

Da lokaci ya cika, a buɗe famfo ɗan ƙiris, ɗigo ɗaya bayan ɗaya, yadda za ka iya ƙirga su. In ka ga mai yana zuba kamar zare, ya yi yawa, rage. Kalli ɗigon da ya faɗa kasko. In ya yi cuu ya ɓace, wuta ta ƙaru, to kasko ya yi zafi, alhamdu lillahi. In ya kwanta baƙi yana taruwa, bai yi ba. Rufe famfo, ƙara jira. Ba abin kunya ba ne. Ni ma da na fara, sau uku a jere na kashe wuta da gaggawa, mai waldar da ya haɗa mini yana tsaye yana dariya. Wani dattijo mai shayi a ajinmu ya yi mako guda yana wannan kuskure, yau shi ke nuna wa matasa. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai wuta ta daidaita, ta daina baƙin hayaƙi, tana ƙugi, sannan a ƙara iska a ƙara mai kaɗan-kaɗan, a mayar da tukunya.

Akwai maganar da ban so in sake yi ba, amma dole. Fetur. Na faɗa a babi na 5, na faɗa a aji, na rubuta a allo da manyan baƙaƙe, amma har yanzu ina jin ana cewa "ɗan kaɗan ne, don ya kama da wuri." Haba jama'a! Fetur tururinsa yana bin ƙasa, ya je ya samu wuta inda take, ta biyo shi har kwalbar da ke hannunka. Ku manya ne, wasunku sun haife ni, bai kamata in riƙa ɗaga murya a kan wannan ba. Kada a sa fetur a murhun nan, ko ɗigo. Kada kuma a tsiyaya kananzir daga kwalba a kan wutar da ke ci ko kasko mai zafi. In babu kananzir, a dasa wuta da ƙirare da kwali a cikin kasko, za ta zafafa shi, sai dai ta fi ɗaukar lokaci.

Kuma bokitin yashi ya zauna kusa da murhu kullum. In mai ya malala ya kama, a rufe famfo, a kashe fanka, a zuba yashi. Ruwa yana watsa wutar mai ne, ba ya kashe ta.

Aiki: a cike gurbi. Kasko ya yi ______, sannan ______. A rubuta jimlar sau 10.

Darasi na 3: In mai ya ƙi saukowa, ko yana tartsatsi

Ka zafafa kasko, ka buɗe famfo, shiru. Fara da leƙa tanki, kada ka yi dariya, na ga wanda ya kwance murhu gaba ɗaya alhali tanki ne ya ƙare. In akwai mai, duba murfin tanki. Yana da ɗan huji na shan iska. In ya toshe, mai ba ya sauka.

A watan Disamba da Janairu, da asuba, baƙin mai yana yin kauri kamar zuma. Shanya jarkar a rana tun jiya, ka kwana da ita a rufe a inda sanyi bai kai ba. Kada a ɗora jarka a kan wuta.

In ba wannan ba ne, bututu ne ya toshe, yawanci a bakinsa na wajen kasko inda mai ke ƙonewa ya zama gawayi. Bari murhu ya huce, ka zura waya, irin silin keke, ka sosa har ta wuce.

Tartsatsi kuwa ruwa ne. Man gareji yakan zo da ruwa da ƙasa da ɓarɓashin ƙarfe. Ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a gindin tanki, daidai inda famfo yake, shi ne yake fara fitowa ya kashe wuta. Ka ajiye jarka kwana 2 ba motsi, ka tsiyaye na sama ta cikin tsumma a kan mazurari, ka bar na ƙasa. Ka shinshina kuma. In ka ji warin fetur, ka mayar wa bakanike abinsa, don wasu suna wanke kayan inji da fetur su juye a durom ɗaya. Man taransifoma ma kada a karɓa ko kyauta ne.

Da mai ya dawo sauka, kada a manta darasi na 2. Kasko ya yi zafi, sannan famfo.

Darasi na 4: Iska

A jikin bututun iska ko bangon kasko akwai ƙananan huji. Toka tana toshe su. Alama: jar wuta mai lilo da baƙin hayaƙi. In ya huce, a bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙusa, a kankare gindin kasko da tsohon cokali. A yi haka kullum kafin a kunna. Na duba murahun da kuka kawo makon jiya, da wuya na ga wanda aka share. Ƙurar hunturu ma tana taruwa a bakin fanka, a goge.

Kada a kunna murhun nan a cikin ɗaki ko shago a rufe don jin ɗumi. Yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri ne farkonta. A tsakar gida, inda iska ke wucewa, kuma a rufe abinci kada hayaƙin ya taɓa shi.

Darasi na 5: Batir

Yawancin fankokin nan na bolt 12 ne. In fanka ta yi sanyi ko ta tsaya, a duba caji. Jar waya tana zuwa alamar +, baƙa tana zuwa alamar −. In kan batir ya yi farin gari, a kankare a ɗaure. In duk da haka ta ƙi juyawa, a kai wa mai gyara.

Darasi na 6: Kashewa

A rufe famfo, a bar fanka tana hurawa har man da ke kasko ya cinye, sannan a kashe ta. Wanda ya fara kashe fanka zai tarar da mai kwance a kasko gobe da asuba.

Ranar Asabar kowa ya zo da ƙusa da tsumma da littafinsa. Waɗanda ba su kawo jimlolin darasi na 2 ba, su kawo.